Tsohuwa ko zinare: wanne za ka fara kalla tsakanin The Ladykillers da The Lavender Hill Mob?

Wani abokina ya ce mini ya gaji da finafinan fashi na zamani, waɗanda ɓarayin cikinsu ke sanye da kwat, su danna kwamfuta ƙofar banki ta buɗe da kanta. Ya ji ana yabon tsofaffin finafinan barkwancin Ingila, an kuma ambata masa guda biyu, The Lavender Hill Mob na 1951 da The Ladykillers na 1955. Dare ɗaya yake da shi, to wanne zai kalla? Ko numfasawa ban yi ba na ce masa na biyun. Sai da na koma gida na ga na yi azarɓaɓi, domin na san mutanen da in ka haɗa su da The Ladykillers, washegari da ƙyar za su amsa gaisuwarka. Har yanzu ina kan bakana, amma amsar tana da sharuɗɗa.

Gida ɗaya suka fito. Kamfanin Ealing da ke yammacin Landan ne ya yi su duka biyun, zamanin da Michael Balcon ke riƙe da shi, kuma Alec Guinness ne shugaban ɓarayi a nan da can. Wanda ya san Guinness a matsayin dattijon nan Obi-Wan Kenobi na Star Wars zai sha mamakin irin shaƙiyancin da ya yi tun gashinsa bai yi furfura ba. A 1999 da Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta jera finafinan ƙasar guda 100 da suka fi fice, The Ladykillers ya zo na 13, The Lavender Hill Mob na 17. Tazarar ba ta kai a ɓata baki a kanta ba. Bambancin na cikin irin dariyar da kowannensu ke sa ka.

Mu fara da na 1951. Henry Holland akawun banki ne, mai tabarau da baƙar hula, wanda ya shekara ashirin yana raka motar da ke ɗauko sandunan zinare daga inda ake tace shi zuwa banki. Albashinsa bai taka kara ya karya ba. Kowa ya san shi da tsantseni har ya gundure mutane: in ya hangi wata mota a baya sai ya sa a tsaya a duba. Manyansa suna ganin ba shi da wani buri a duniya. Ashe duk shekarun nan gina wannan sunan yake yi da gangan. Satar zinaren ba ta taɓa ba shi tsoro ba. Abin da ya hana shi barci shi ne yadda zai fitar da shi daga Ingila, tun da a cikin ƙasar babu inda zai sayar. Kwatsam sai ga sabon ɗan haya a gidan da yake zaune a Lavender Hill, wani titi a unguwar Battersea. Sunansa Pendlebury, Stanley Holloway ya fito a matsayinsa, sana'arsa kuwa zuba ƙananan hasumiyoyin Eiffel na darma da ake kai wa Faris a sayar wa baƙi su yi tsaraba. Ranar da Holland ya tsaya a maƙerar yana kallon narkakken ƙarfe na kwarara, fuskarsa ba ta motsa ba, idonsa kaɗai ya canza a bayan tabarau. Daga nan ka san an gama.

Yadda suka samo abokan aiki ma abin dariya ne. Ba su san ɓarawo ko ɗaya ba, sai suka riƙa shiga cikin jama'a suna hira da ƙarfi cewa akwatin kuɗin ma'aikatar ya lalace, ga kuɗi a ciki, ba mai gadi. Da dare suka laɓe suna jiran wanda zai ciji ƙugiya. Biyu suka zo, kowa da ƙafarsa, 'yan wasa Sid James da Alfie Bass ne suka fito a matsayinsu. Zinaren fam miliyan ɗaya suka kwashe. Abin da ya fi taɓa ni a fim ɗin bai shafi fashin ba. Da lokacin tafiya Faris ya yi, ɓarayin nan biyu na asali suka ce ba za su je ba, ɗaya matarsa ta hana shi, ɗayan ba ya jure tafiyar ruwa. Holland ya tambaye su cikin mamaki ko sun yarda ya riƙe musu kasonsu. Suka ce ƙwarai kuwa, ai shi mutumin kirki ne. Mutumin da bankinsa bai taɓa ganin girmansa ba, ɓarayi ne suka fara ba shi amana tsakani da Allah.

Sai ƙaddara ta gifta. A Faris mai sayar da tsaraba ta buɗe akwatin da bai kamata ta buɗe ba, 'yan makaranta mata da suka zo yawon buɗe ido daga Ingila suka sayi hasumiya shida na zinare tsantsa a kuɗin darma. Daga nan fim ɗin ya zama gudu: gangarowa daga matakalar hasumiyar Eiffel mai murɗiya har jiri ya kwashe su suna ta ƙyalƙyala dariya, sai layin tikiti da na fasfo da na kwastan a tashar jirgin ruwa, kowane ma'aikaci na aikinsa a natse jirgi kuwa na shirin tashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tagar ofis yana kallon agogo ba ya buƙatar a fassara masa wannan wurin.

Charles Crichton ne daraktan, wanda bayan shekaru 37 ya yi A Fish Called Wanda yana dattijo. T. E. B. Clarke ya rubuta labarin, ya kuma ci kyautar Oscar da shi, Guinness ma a nan aka fara sa sunansa cikin masu takarar Oscar. Baƙi da fari ne, tsawonsa bai fi minti 80 da ɗoriya ba. Ka lura da farkonsa a Rio de Janeiro: yarinyar da ta zo ta karɓi kyautar kuɗi a hannun Holland ta wuce, Audrey Hepburn ce tun duniya ba ta san ta ba. In ka tashi ɗauko ruwa za ka rasa ta.

To, The Ladykillers.

Tsohuwa ce ke buɗe fim ɗin. Misis Wilberforce, ƙarama, sanye da tufafin zamanin da ya shuɗe, da laimarta a hannu, ta fito daga gidanta da ke ƙarshen wani lungu kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross, ta nufi caji ofis. 'Yan sandan sun saba da ita. Kullum tana zuwa da labarin da ba kai ba gindi, su lallashe ta su rako ta bakin ƙofa, su miƙo mata laimar da ta manta. A hanya ta leƙa keken wani jariri ta yi masa murmushi, jaririn ya tsala ihu. Shi kaɗai ne a fim ɗin ya gane ta da wuri.

Gidan nata a karkace yake, tun bama-baman yaƙin duniya na biyu ƙasarsa ta zauna, hoto ba ya tsayawa daidai a bango komai gyaran da aka yi masa. Famfo ba ya kawo ruwa sai ta ɗauki guduma ta bubbuga bututu. Tana da aku, ɗaya sunansa Janar Gordon, ga hoton mijinta, kyaftin ɗin jirgin ruwa da ya nutse da jirginsa shekaru da dama da suka wuce. Bayan gidan kuwa bakin ramin da jiragen ƙasa ke shiga ne, hayaƙi na tasowa dare da rana. Gina gidan aka yi musamman saboda fim ɗin, a ƙarshen titin Frederica, saman ramin jirgi na Copenhagen. Ka riƙe wannan ramin a ranka, zai yi aiki.

Sai ga inuwar wani mutum tana zagaya gidan kamar a fim ɗin tsoro. Aka buga ƙararrawa, ta buɗe, ga Farfesa Marcus, wato Guinness da haƙoran roba da suka turo leɓe, da gashi a barbaje, da wani dogon mayafin wuya da ke jan ƙasa. Ya ce ɗaki yake nema, shi da abokansa huɗu masu goge ne, suna son wurin gwaji. Abokan su ne Manjo Courtney mai ladabin ƙarya da tsoro, Cecil Parker ke nan, da Louis mai baƙaƙen kaya wanda tun farko ya ce shi ba ya son tsofaffi mata, wato Herbert Lom, da Harry ɗan gayu, Peter Sellers tun yana sabon shiga, sai One-Round, tsohon ɗan dambe, ƙato mai jinkirin fahimta da taushin zuciya, wanda Danny Green ya yi. Ba wanda ya iya riƙe goge a cikinsu. Su kulle ƙofa su ɗora faifan kiɗan goge na Boccherini a garmaho, su baje taswirar fashi. Da ta ƙwanƙwasa, sai kowa ya rarumi gogensa, a ɗage allura daga faifai. Ita kuwa ba ta gajiya da ƙwanƙwasawa: ga shayi, ko za a ƙara shayi, ko za su taimaka a ba aku magani. Ta ce kiɗan ya tuna mata da bikin cikarta shekara 21, daren da aka shigo aka ce Sarauniya Victoria ta rasu, kowa ya watse. 1901 ke nan. Ɓarayi biyar na tsaye da goge a hannu suna sauraron wannan.

Dabarar Marcus ita ce tsohuwar da kanta za ta ɗauko adakar kuɗin daga tasha, fam 60,000, ba tare da ta san me ke ciki ba, don ba ɗan sandan da zai tare ta. Dabarar ta ci, har ta wuce yadda ya tsara, domin bayan rigimar da ta haddasa a hanya saboda wani mai tallan kayan marmari da ke korar doki, 'yan sanda ne da kansu suka kawo adakar har ƙofar gida. Da a nan fim ɗin ya tsaya, da ya zama ƙanin The Lavender Hill Mob. Amma suna sallama za su tafi, igiyar akwatin babban gogen One-Round ta maƙale a ƙofa, ya fizga, akwati ya buɗe, takardun kuɗi suka watsu a titi a gaban idonta.

Daga nan ne nake ganin fim ɗin ya fi ɗan'uwansa nesa ba kusa ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta suma ba. Faɗa ta yi musu irin na kaka da jikoki, ta ce abin kunya ne, kuma za a mayar da kuɗin. Ana cikin haka ƙawayenta tsofaffi suka iso shan shayi, ta umarci ƙartin nan su shiga falo su nuna tarbiyya. Ka ga 'yan fashi a takure tsakanin tsofaffi, kofi a hannu, Marcus na zaune gaban piyano ana rera waƙa. Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwar da in ta ce zauna, ko kai wane ne sai ka zauna, zai gane abin da ke faruwa tun kafin a yi magana. Ba ta da ƙarfi, ba ta da wayo, ba ta ma san haɗarin da take ciki ba. Kunyarta kawai suke ji, kunyar kuma ta fi ƙarfin bindigar Louis.

Suka yanke shawarar a kashe ta. Aka ja ƙuri'a da tsinken ashana. Wanda ta faɗa wa ya kasa, na bayansa ma ya kasa, sai suka koma kan junansu. Ba zan fasa ƙwan ba, amma ka sani mutuwa na shigowa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma taragon jiragen da ke wucewa ƙarƙashin gidan ba fanko suke tafiya ba. Ita kuwa tana kan kujera tana gyangyaɗi. William Rose, Ba'amurken da ya rubuta labarin, ya ce a mafarki ya gan shi, kuma ya yi kama da mafarki: tun kana dariya da baki buɗe har ka koma yi kana waige. Rose ya ci kyautar BAFTA, babbar kyautar finafinai ta Birtaniya, da rubutun. Katie Johnson, da ta fito a tsohuwar tana da shekara saba'in da wani abu, ta ci kyautar jarumar Birtaniya ta shekarar, ta rasu a 1957. Ta shafe rayuwarta tana ƙananan fitowa, sai a ƙarshe ta samu wannan, ta kuma shanye Guinness da Sellers a fim ɗinsu.

Yanzu ga inda zaɓin yake. In da yara za ka kalla, ko da wanda ba ya son a yi wasa da mutuwa, ɗauki The Lavender Hill Mob ka huta. Ba a zubar da jinin kowa, ba wanda za ka tsana, ɓarayin ma so kake su tsira. The Ladykillers bai nuna jini ba shi ma, kusan komai a bayan hayaƙi ko bayan ƙofa ake yin sa, amma ana ɗaukar gawa a baro ana muhawarar wa zai kama ƙafa. Akwai wanda wannan ba zai ba shi dariya ba ko kaɗan, kuma ban ga laifinsa ba.

In Turancin ne damuwarka, mamaki zai kama ka, domin na 1955 ya fi sauƙin bi. Rabin dariyarsa a ido take: mayafin da tsohuwa ke takawa, ƙato ya maƙale a kujera, farautar aku a kan rufin gida. The Lavender Hill Mob ya fi dogara da baki. Holland ba ya iya furta harafin R da kyau, Pendlebury na yawan jawo baitocin mawaƙa, ɓarayin biyu na Turancin 'yan kasuwar Landan, kuma kuskuren da ya jawo asarar hasumiyoyin ma daga yadda Bafaranshiya ta ji sunan wani harafi ya taso. In ba rubutu a ƙasan allo, wasu abubuwan za su wuce ka.

Wajen Guinness kuwa ra'ayina ya rabu. A Holland ya fi nuna gwaninta, domin da ɗan abu kaɗan yake aiki, gyaran tabarau, ɗan murmushin da bai kai kunci ba, ranar da ya roƙi a riƙa kiransa Dutch kamar wani gawurtaccen ɗan daba. A Marcus ya saki jiki ya yi wasan dodo, da yawa ma na cewa ɗan wasan barkwanci Alastair Sim yake kwaikwayo, kuma kamar ta fito. Wanda ke son ganin ɗan wasa na saƙa a hankali ya nufi na farko. Sai dai a The Ladykillers ba shi kaɗai ke ɗauke da kayan ba, mutum shida ne kowa da halinsa, ga kuma daɗin ganin Sellers da Lom tare tun kafin finafinan Pink Panther su mai da su Sufeto Clouseau da maigidansa Dreyfus. Kada dai ka shiga da zaton Sellers zai yi abin da ka san shi da shi. Nan yaro ne, yana gefe.

Kowanne yana da inda ya yi rauni. Kashi na ƙarshe na The Lavender Hill Mob, tseren motocin 'yan sanda da rikicin rediyonsu, ya tsufa. A 1951 wataƙila ya tayar da 'yan kallo tsaye, yau kam za ka ga ana jan sa. Abin da ya cece shi shi ne minti ɗaya na ƙarshe a Rio, wanda ba zan taɓa ba. A The Ladykillers rigimar doki da mai tallan kayan marmari ce ta yi tsawo, kamar an ɗauko ta daga wani fim an liƙa don a ba Frankie Howerd, ɗan barkwancin da ya fito a mai tallan, fili. In ka ƙosa a wurin, yi haƙuri, abin da ke bayanta ya biya.

Ta fuskar hoto, ɗanɗano ne. Douglas Slocombe ya ɗauki Landan ta bayan yaƙi a baƙi da fari, ana ganin kangayen da bam ya bari a tsakiyar birni, ga hasken rana, ga iska. The Ladykillers mai kala ne, Otto Heller ya ɗauka da Technicolor, amma kalar ta toka ce da hayaƙin kwal da jan bulo, gidan kuma kamar yana matse ka. Masu sharhi sun daɗe suna cewa tsohuwar ita ce tsohuwar Ingila, wadda duk mai sabon tsari da ya shigo gidanta sai ta shayar da shi shayi har ya gaji ya bari. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, lokacin ya yi daidai: a 1955 aka sayar wa BBC da ginin Ealing, daraktan fim ɗin Alexander Mackendrick kuma ya tattara ya koma Amurka, inda ya yi Sweet Smell of Success a 1957. Na 1951 fim ne na mutanen da ke ganin ƙaramin mutum zai iya yin mafarki. Shekara huɗu bayan nan, a gida ɗaya, dariyar ta yi ɗaci.

Gargaɗi ɗaya wajen nema: akwai wani The Ladykillers na 2004, na 'yan'uwan nan Coen, da Tom Hanks, wanda aka mayar da labarin jihar Mississippi, fashin kuma ya koma na gidan caca. Irma P. Hall ta yi ƙoƙari a matsayin tsohuwar, har ta samu kyauta a bikin finafinai na Cannes, amma fim ɗin cike yake da ashar, kuma tsohuwarsa mai ƙarfi ce da ke iya kai mari. Da zarar tsohuwa ta iya kare kanta, rabin abin dariyar ya tafi. Duba shekarar kafin ka sauke. In kuma ka kalli na 1955 ka ji baƙin barkwancin ya yi maka, na gaba shi ne Kind Hearts and Coronets na 1949, inda Guinness ya fito a mutum takwas 'yan dangi ɗaya da wani ke bi ɗaya bayan ɗaya saboda gadon sarauta. Wannan kam sai Turancinka ya nuna, don duk dafinsa a zance yake.

Abokin nawa na sake kiransa na tambaye shi da wa zai kalla. Ya ce shi kaɗai, bayan yara sun yi barci. Na ce to The Ladykillers ɗin dai, ya ajiye ɗayan sai ranar da gida ya cika. Na ƙara masa da cewa in tsohuwa ta koma caji ofis a ƙarshe, ya sa ido a kan laimar.